Ranar da Muka Yi Yawon Kallon Tagogin Mutane

Tun da aka haife ni a Garuwa, har na yi aure na haifi 'ya'ya uku, ba a taɓa tambayata irin tagar da nake so ba. Gidan haya da tagarsa yake zuwa. Wadda muka fi daɗewa da ita 'yar ƙarama ce ta ƙarfe, can sama kusa da rufi, in bazara ta kama sai an sa tsumma kafin a taɓa ta. A ƙarƙashinta na yi shekaru ina ɗinki, ina jan keke daga wannan kusurwa zuwa waccan ina bin haske.

To, sai Allah ya hore mana fili a bayan gari, ta wajen hanyar Pitowa, inda in mutum ya tsaya da yamma yana hango dutsen Tingilin shimfiɗe kamar tebur. Muka yi ta gini a hankali, a tsaya a ci gaba. Ranar da aka ɗora kwano na je ni kaɗai na shiga ɗakunan ina zagayawa. Ba ƙofa, ba taga, sai ramuka a bango da sandunan ƙarfen da magini ya dasa saboda ɓarayi. Manya-manyan ramuka ne, don ni na tsaya a kansa sai da ya faɗaɗa su. Na tsaya a gaban kowanne na leƙa waje, iska na shiga ta nan tana fita ta can. Na ji guɗa ta taso mini, na kuwa rangaɗa ta, muryata ta bugi bango ta dawo.

Abu ɗaya muka yarda a kai ni da maigidana: ba marfin ƙarfe, ba gilashi, katako za mu sa. Daga nan kuma muka rabu. Shi a masana'antar auduga yake aiki, aikin karɓa-karɓa, wani mako da rana, wani mako ya kwana a can ya dawo da safe. Burinsa a duniya ya samu ɗaki mai duhu ya yi barcin rana. Saboda haka marfi yake so na katako ɗungum, wanda in an rufe ko zaren haske ba zai shigo ba. Ni kuwa irin nan nake so mai tsaga-tsaga, wanda ake jera siraran katako a karkace, iska ta ratsa, haske ya ratsa, amma na waje ba ya ganin na ciki. A nan garin parsiyen muke ce masa.

"Ɗaki ne za mu yi ko kwando?" in ji shi.

Na ce, "Ai gara kwando da rumbu, Malam. Naka in an rufe a watan zafi, sai dai a zo a kwashe mu da ludayi."

Haka muka yi ta yi, a wajen cin abinci, a hanyar unguwa, har yara suka rabu gida biyu. Babbar tana bayana, na tsakiya yana bayan ubansa, autan kuwa duk wanda ya ba shi makala, wato fanke, shi ne nasa.

Kafintan da muka samu dattijo ne daga duwatsun wajen Mokolo, Kirista, ya daɗe a Garuwa. Gajere ne mai faɗin ƙirji, kullum da fensir a bayan kunne da dusar katako a gira. Hausarsa ta kasuwa ce, ba ruwanta da mace ko namiji, ni ma "kai" yake ce mini, in magana ta ƙi sai ya cike da Fillanci ko Faransanci. Baba muke kiransa. Ban taɓa ganin mutumin da yake son aikin hannunsa kamar wannan dattijo ba. In ya fara ba ka labarin wata ƙofa da ya yi, sai ka ɗauka ɗansa ne ya ci jarrabawa.

Muka je rumfarsa wata ranar Asabar da hantsi, kowa ya faɗi nasa. Ya saurare mu, yana kallon wannan yana kallon wancan. Na lura tun daga farko yana gefena, don parsiyen aiki ne na gwaninta, shi kuma yana son a gani. Amma sai ya cire fensir daga kunne ya jefa a aljihu, ya dube ni da maigidana, wanda yake kira Patiron, ya ce:

"Madam, Patiron, taga ba a zaɓa shi da baki. Ku tashi. Zan kai ku ku ga tagogina inda suke zaune."

"Yanzu?" in ji maigidana.

"Yanzu mana. Rana ya yi zafi, shi ne lokacin da taga yake faɗin gaskiya."

Ni dai tuni na miƙe ina gyara mayafi. Raina ya yi fari ƙal. Wai yau ni ce za a zaga da ni gari, gida-gida, in duba in ce wannan ya yi, wannan bai yi ba. Baba ya hau tsohon babur ɗinsa, wanda a nan muke ce wa moto, maigidana ya ɗauke ni a nasa, muka bi shi a ƙarƙashin inuwar itatuwan dogon yaro, yana tafe yana ɗaga hannu yana nuna mana gidaje. Iska na kwashe rabin maganarsa, sai dai mu ji "ni na yi" tana iso mu.

Gidan farko na wani tsohon malamin makaranta ne da ya yi ritaya. Shi da matarsa suka tarbe mu kamar dama suna jiran mu, aka kawo ruwan folere, wato zoɓo, mai sanyi. Falonsu duk parsiyen ne, shafe da koren fenti, daga sama har ƙasa. Da matar ta ja su ta rufe, sai haske ya zubo a ƙasa layi-layi kamar saƙar tabarma, iska kuma tana shigowa a hankali tana kaɗa labule. Na dafe ƙirji. Na dubi maigidana da ido na ce masa, ka gani?

Shi kuwa sai ya dubi mai gidan ya ce, "Don Allah a yi mini izini in ɗan kwanta."

Kunya ta kama ni kamar in nutse. Tsohon malamin ya yi dariya har da buga cinya, ya sa aka shimfiɗa tabarma. Maigidana ya cire hula ya miƙe a tsakiyar falon mutane, ya rufe ido. Mu duka muka tsaya muna kallon sa. Layin haske ɗaya ya sauka daidai kan fatar idonsa. Ya juya dama, wani ya same shi. Ya juya hagu, haka. Ya tashi zaune ya ce, "Kun gani? Kamar ana haska ni da tocila."

Matar gidan ta ce ita ma gaskiya mijinta da ƙyalle yake rufe fuska in zai yi ƙailula. Baba ya harare ta, ya ce a tashi a tafi.

Gida na biyu na wani ɗan kasuwa ne Balarabe, mutumin Kusiri, mai sayar da shinkafar Yagwa a babbar kasuwa. Ɗakin baƙinsa da ke bakin zaure ya buɗe mana. Nan marufan ɗungum ne, masu kauri, an yi musu zane mai kyau a jiki. Da ya rufe ya sa sakata, sai duniya ta ɓace. Ban ga hannuna ba. Daga cikin duhun na ji muryar maigidana yana cewa, "Alhamdu lillahi! Wannan shi ne ɗaki."

Ni ma na ce ba za a bar ni a baya ba. Kullum akwai allura soke a gefen ɗankwalina, da ɗan zare a naɗe. Na zaro na ce, "To, ga allura ga zare, Malam. Zura mini."

Ya lalubo hannuna ya karɓa. Ya shiga laluben kafar allurar. Can sai ya ce, "Wash!" Ta soke shi. Mai gidan ya ƙyalƙyale da dariya, ya yi wata magana da Larabcinsu, sannan ya ce da Hausa, shi kansa ba ya iya rufe su duka sai da sanyi. Kafin a buɗe, gumi ya riga ya jiƙa mini baya, maigidana ma da haske ya dawo na ga rigarsa ta manne a jiki. Bai yarda ya dube ni ba.

Muka fito kowa da nasara, kowa da kaye. Baba ya ce akwai wani gida a wajen gada, in mun gan shi magana ta ƙare. Muka sake hawa.

Ba mu kai gadar ba. Muna ratsa wani lungu a tsohuwar unguwa, sai na hango wata taga shuɗiya a jikin wani ƙaramin gida. Rabinta na ƙasa a rufe, rabin sama a buɗe, kamar mutum ya ɗaga gira. Na bubbuga kafaɗar maigidana.

"Tsaya! Tsaya, Malam! Dubi can!"

Ya taka birki har na yi karo da bayansa. Baba ya yi gaba, ya waiwayo, ya dawo yana ɓata fuska.

"Madam, ba nan ba ne. Mu tafi."

"Baba, wa ya yi wannan?"

Ya kau da kai. "Wannan ba aiki ba ne. An ɓata shi."

"Amma kai ka yi?"

Kafin ya amsa, sai wata tsohuwa ta leƙo ta saman tagar, da farin gashi da tabarau a kan hanci. Ta dube shi ta ce, "A'a! Yau mai zarto ne a ƙofata? Shekara nawa kana wucewa kana sunkuyar da kai? Shigo da baƙinka."

Mutuniyar Yagwa ce, ta yi aikin ungozoma a asibiti har ƙarfinta ya ƙare. Dogowa, baƙa, mai murya kamar ta namiji. Mama muka kira ta. Ta zaunar da mu a ɗakinta, ɗaki ɗaya ne mai faɗi, gado a gefe, tebur da kujera a gefe. Ba mu tambaya ba ta fara ba mu labari, Baba yana zaune a bakin ƙofa yana kallon ƙasa.

Ta ce lokacin da take aiki, sau da yawa sai gari ya waye take dawowa gida. Ta sa Baba ya yi mata parsiyen, ya yi masu kyau, dogaye. Amma haske ya hana ta barci, in ta buɗe kuma awakin maƙwabta su ɗora ƙafa su leƙo, kaji su yi tsalle su shigo har kan gado. Sai ta kira shi ta ce ya raba kowane marfi biyu, ya bar tsaga-tsagan a sama, ƙasan ya toshe da katako ɗungum.

"Ya ce ba zai yi ba," in ji ta. "Wai in yanka masa hannu ya fi. Na ce to ba ni zarton, ni na saba yanke cibiya. Da ya ga na ɗauka da gaske, sai ya karɓe."

"Parsiyen mai kyau," in ji Baba a hankali, yana girgiza kai. "Kamar na gidan gwamna. Ya sa na yanka shi kamar kifi."

Mama ta tashi ta nuna mana. Kowace taga marfi huɗu gare ta, biyu a sama, biyu a ƙasa, kowanne da 'yar sakatarsa. Ta rufe duka. Ɗakin ya yi duhu daga ƙasa har zuwa ƙugun mutum, irin duhu mai sanyi, can sama kuwa haske yana shigowa ta tsagogin yana kwanciya a jikin bango, iska tana bin sa. Ta buɗe na sama ɗaya, na kusa da teburi, sai haske ya sauko kan teburin kaɗai, gadon yana nan cikin inuwarsa.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na rufe, na buɗe, na sake rufewa. Na buɗe na hagu na bar na dama. Na zauna a kujerarta na zaro allurata, zare ya shige tun a karon farko. Na ce, "Malam, ka gani? Ka ga abin da nake faɗa maka?" Alhali ban taɓa faɗa masa haka ba, ni kaina yau na fara gani.

Wannan karon Mama ce da kanta ta jawo tabarma ta ce, "Kwanta, ɗana, gwada." Ya cire hula ya kwanta a gindin tagar. Muka ci gaba da hira ƙasa-ƙasa, tana ba ni labarin Yagwa da kifin kogin Logon, ina ba ta labarin gininmu. Can na juya zan tambaye shi yadda ya ji, sai na ji minshari. Barci ya yi, na gaske, baki a sake, a ɗakin matar da bai taɓa gani ba sai yau. Daga aikin kwana ya fito da safen nan, ni ɗoki ya sa na manta.

Na yunƙura zan tashe shi, Mama ta riƙe mini hannu. "Bar shi. Na san wannan barcin." Ta ɗora shayi. Muka sha ni da ita da Baba, har rana ta karkata. Da ya farka ya ga inda yake, ya rasa inda zai sa fuskarsa. Ya ɗauki hula ya ce, "Baba, irin wannan za ka yi mana."

Baba ya yi ajiyar zuciya. Ya ce zai yi, amma da sharaɗi: nasa ba yankakke ba ne, tun daga farko a haka zai tsara shi, kuma sai ya fi wannan kyau nesa ba kusa ba. Mama ta ce, "Ka ji shi. Da ma haka ka ce tun wancan lokacin."

Saura katako. Bayan 'yan kwanaki na koma rumfarsa ni kaɗai, don na kasa haƙuri. Ya nuna mini farin katako mai sauƙi, ya ce wannan abincin gara ne, kada ma in dube shi. Ya nuna mini ja, wanda manyan motoci ke kawowa daga kudu. Sannan ya kai ni bayan rumfa ya yaye wani tsohon kwano. Wasu alluna ne a jere, sun yi duhu, sun bushe sarai. Ya ce maɗaci ne, iska ta kayar da shi a harabar cocinsu wata damina, aka ba shi, ya ajiye bai san wa yake jira ba. Ya fere ɗan ƙanƙani ya miƙo mini.

"Sa a baki, Madam."

Na sa. Ɗaci ya ratsa ni har cikin kunne, na tofar ina tari, shi yana ta dariya. Ya ce to haka gara ma take ji. Ba zai isa gidan duka ba, sai muka ce a yi na ɗakin kwana da na ɗakin ɗinkina da shi, sauran da jan katakon kudu.

Daga ranar na zama 'yar rumfar. In na je kasuwa sayen zare sai na biya, in na kai ɗinki sai na biya. Ina tsaye ina kallon yadda yake jera siraran katakon ɗaya bayan ɗaya, kowanne da karkatarsa. Da farko yana murna, daga baya ya fara cewa, "Madam, in kai kana nan, katako yana jin kunya." Ina komawa gida da ƙanshin katako a mayafina, in zauna in ba yara labari kamar wadda ta dawo daga tafiya.

A kan fenti ma mun so mu sake rabuwa. Ni shuɗi nake so irin na Mama, maigidana kore. Amma ranar da Baba ya goge marfin farko ya shafa masa mai, jan maɗacin ya fito da jijiyoyinsa kamar ruwa yana gudu, sai muka dubi juna. Ba wanda ya ƙara ambaton fenti. Daga baya dai ranar Garuwa ta nuna mana iyakarmu, na ɓangaren yamma suka koɗe, dole muka shafa musu. Kore aka sa, na bar masa wannan.

An kafa tagogin ana gab da faɗuwar ruwan farko. A amalanke aka kawo su, an naɗe da tsofaffin buhuna, ni ina biye a moto ina ce wa mai turawa ya yi a hankali a kowane rami. Ɗaya ta ƙi shiga, don bangon wajen ya ɗan karkace, Baba ya yi ta faɗa da maginin da ba ya nan, yana fere gefen yana gwadawa har ta zauna. Da aka gama, yara suka bazu cikin gida, kowa ya kama taga, sai ƙarar sakata kake ji ta ko'ina, ƙwas, ƙwas. Ban hana su ba, don ni ma abin da nake yi ke nan a ɗakin ɗinki.

Ɗakin ɗinkin nan yana kallon hanya. Da muka tare, na ajiye keke daidai gindin tagar, in buɗe na sama in bar na ƙasa a rufe. Mai wucewa ba ya ganin komai sai kaina da ɗankwali, amma yana jin ƙarar keke. Ban san kowa a unguwar ba tukuna. Wata safiya ina cikin ɗinki sai inuwa ta faɗo a kan yadin. Na ɗaga kai, ga wata mata da tulu a ka, tana leƙowa.

"Sannu da aiki, maƙwabciya. Ashe tela muka samu?"

Na ce, "Ga shi kuwa. Shigo mana, ƙofa tana can gefe."

"A'a, ina sauri, na bar tukunya a wuta." Ta kwance wani yadi daga ƙugunta ta zuro shi ta tsakanin sandunan. "Rigar 'yata ce, tsawonta kamar babbar taki. Zan biyo da yamma."

Da yamma ta dawo, ba ita kaɗai ba, da ƙanwar mijinta da nata yadin. Suka jingina da bango, suka ɗora gwiwar hannu a bakin tagar, muka yi ta hira har aka kira magariba. Kafin damina ta yi nisa sai da maigidana ya sa aka kafa ɗan benci a waje, a gindin tagar, don matan sun fara yawa, kuma ba mai son zagayawa ta ƙofa.